Turaren Baba Mai Agogo

"Ku fitar da shi! Wane ne wannan a ɗakina? Jama'a, ku fitar mini da shi!"

Ina kan keken ɗinki na jiyo ihun Gwaggo. Ko takalmi ban tsaya sakawa ba na tsallaka ɓangarensu. Ƙofata da tasu suna kallon juna a hawa na biyu, kuma tun da na tare a benen nan ban taɓa jin an ɗaga murya a gidansu ba.

Na same ta ta takure a ƙuryar gado, ta ja bargo har haɓa, idanunta da suka daɗe da daina gani suna ta yawo. Mijinta, Baba Mai Agogo, yana tsaye a bakin gadon riƙe da kofin shayi.

"Ni ne fa," yake cewa. "Ni ne, ki saurara."

"Ƙarya kake! Ke wace ce nan? Yarinya, kira mini Maigida, wani ƙato ya shigo mana."

Ƙaton da ake magana tsoho ne da iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa. Na matsa zan karɓi kofin, sai hancina ya gaya mini abin da ya faru tun kafin kowa ya buɗe baki. Wani ƙamshi ne ke tashi daga wuyan rigarsa, mai zaƙi kamar alawa. Wannan ba ƙamshin Baba ba ne.

Kowa a benen nan ya san turaren Baba. Lokacin da yake da ƙarfin sauka shagonsa na gyaran agogo, in ya wuce da safe matakala kan riƙe ƙamshin har hantsi. Farkonsa kaifi gare shi, kamar an murza ɓawon ɗanyen lemun tsami a ƙarƙashin hancinka, haɗe da ɗaci-ɗacin ganyen da aka karya yanzu-yanzu. In ya jima a jiki sai ya lafa, ya koma ƙamshin itacen da ruwan sama ya daka. Babu zaƙi a cikinsa ko kaɗan. Shi yake shafawa tun yana neman auren Gwaggo, bai taɓa sauyawa ba.

Da idon Gwaggo ya tafi, hankalinta ma ya fara bin bayansa, sai murya ta daina yi mata amfani. Muryar saurayi take jira, shi kuwa haƙora sun zube, maƙogwaro ya dushe. Abu ɗaya ne ya rage musu. Kullum da safe Baba zai buɗe tsohuwar koriyar kwalbar, ya dangwala murfin a wuyansa, sannan ya shiga ɗakin. Ita kuma ta ɗaga kai ta ce, "Maigida, ka dawo?" Daga nan za ta yarda ta ci abinci, ta sha magani daga hannunsa. Abin da ya saura a kwalbar bai fi kaurin yatsa ba, ya yi duhu don tsufa, Baba yana tattalinsa kamar ransa.

Na fitar da shi falo na zaunar da shi. "Baba, ina kwalbarka?"

Ya nuna mini kan tebur. Wata sabuwa ce fil, koriya, suna ɗaya, zane ɗaya.

"Auta ne ya zo jiya ya gyara mana gida," in ji shi. "Ya ce waccan ta lalace, ya jefa ta a shara. Na ga sunan iri ɗaya ne, na ce to, bari in gwada."

Auta shi ne ɗansu da ya rage a kusa, magidanci da 'ya'yansa. Sai a yi wata biyu bai leƙo ba, ran da ya zo kuma sai ya so ya biya bashin zumunci duka a yini ɗaya da tsintsiya. Na sauka da gudu wajen kwandon shara, na tarar motar kwashe shara ta riga ni. Na dawo na buɗe durowar Baba ko zan sami wata riga da ta riƙe ƙamshin. Wayam. Auta ya kwashe kayan kaf ya kai wa mai wanki, har da huluna da ƙyallen majina.

A kan matakala na tare shi da yamma, yana hawowa da ledoji niƙi-niƙi, fuskarsa cike da murmushin wanda ya yi abin kirki.

"Wa ya aike ka?" na ce.

"Anti Tela, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Wa ya ce ka taɓa kwalbar ubanka? Uwarka tun safe ko ruwa ba ta yarda ta sha daga hannunsa ba. Ƙato take kiransa. Ƙato!"

"Haba Anti, ai irinsa na sayo. Waccan ta yi baƙi, har tsoro na ji kada ta ƙona masa fata. Ki duba sunan mana, iri ɗaya ne."

"Sunan za ta shinshina? Makauniya ka kawo wa suna? Da ka tambaya bakinka zai yi ciwo ne?"

Ya ajiye ledojin a hankali. Ban ji tausayinsa ba a ranar, kuma ba zan ce na ji ba. Haushina ma bai tsaya a kansa ba. Har yau in na tuna da mutanen da suka zauna a wani ofis suka sauya abin da ke cikin kwalbar, suka bar mata sunanta da launinta don kada a gane, sai haushin ya dawo mini sabo. Wannan ai ha'inci ne da rana tsaka.

Auta dai ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya zaga shagunan turare har ƙafarsa ta kumbura. Ko'ina amsar ɗaya ce, an daɗe da daina yin tsohon, sai dai wannan. Ni kuma na sayo lemun tsami ɗanye shar, na kankare ɓawon, na murza da ganyensa, na goga wa Baba a wuya bayan ya yi wanka da sabulu mara ƙamshi. Ya shiga yana sanɗa kamar ɓarawo a gidansa.

Gwaggo ta ja hanci. "Mai lemu ne? Ba ma saye yau, Maigida ba ya nan."

Auta ya yi dariya, dariyar ta ƙare da kuka. Baba kuwa ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa.

Nan ya zama wurinsa. Ta daina ihu, amma ba ta yarda ya matso gadon ba. Ni nake ba ta abinci, ta karɓi cokali biyu ta kau da kai, wai sai Maigida ya dawo su ci tare. Likita ya zo ya duba ta, ya ce jiki ne ya gaji. Ni dai na san abin da na gani. Mace ce take jiran mijinta, shi kuma yana zaune taku kaɗan daga gare ta yana kallonta tana ƙarewa.

Ran da za ta rasu, da hantsi, ta farka da wata irin natsuwa. Ina zaune a gefen gadon riƙe da hannunta.

"Mai lemun nan yana nan?" ta tambaya.

"Ina nan," in ji Baba.

"Bawan Allah, kana da kirki, kullum kana zaune. Ka san maigidana kuwa?"

"Na san shi."

"Tun daga ƙasan bene nake jin zuwansa. Ƙawayena har tsiya suke yi mini, wai na auri bishiyar lemu." Ta yi 'yar dariya, tari ya sarƙe ta. "Bai saba daɗewa haka ba. Don Allah leƙa mini taga, ko za ka hango shi."

Na dube shi, ina girgiza kai. So nake ya zo ya kama hannunta ko da za ta yi ihu, ya gaya mata shi ne, ya yi ta faɗa har ta ji. Raina ya ɓaci har na buɗe baki zan yi magana. Ya ɗaga mini hannu, ya dafa kujera ya miƙe, ya ja ƙafa zuwa taga ya ɗage labule.

"Ka gan shi?"

"Na hango shi," in ji Baba. "Ga shi can ya rufe shago."

"Da farar rigar?"

"Da ita. Ya tsaya gaisawa da mai kanti."

"Halinsa ke nan, surutu." Ta zare hannunta daga nawa ta gyara ɗankwalinta, ta shafa fuska, sannan ta mayar mini da hannun. "Ce masa ya yi sauri."

"Ya taho. Yana jiran motoci su wuce."

Na ji yatsunta sun saki nawa. Na duba ƙirjinta, na jira, bai sake ɗagawa ba. Na kasa kiransa.

"Ya tsallako titi," Baba ke cewa, goshinsa jingine da gilashin taga, labulen dunƙule a hannunsa. "Ga shi nan a ƙofar gida. Yanzu zai hawo."