Rabon Magagari

Shekara talatin Muhammadu Lawal yana ƙera ragar injin ɓarar gyaɗa a Roni, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan mai huji-huji da ƙwaya ke faɗowa ta cikinsa idan ɓawo ya fashe. A duk shekarun nan bai taɓa sa wa mutum rana ya saɓa ba. Bana kuwa ciwo ya riƙe masa kafaɗar dama, ɗaga guduma ya gagara. Ana haka sai ga Dela, shugabar matan da ke yin ƙuli-ƙuli a unguwarsu, ta ce ragar injinsu ta tsage, ga buhu goma sha biyu na jiran ɓara, kuma Juma'a za su fara suya. Ya ce mata Alhamis. Sai da ta tafi ya tuna da kafaɗarsa.

Yana da 'yar ƙanwa, Bahijja, wadda ta karanta aikin injiniya, tana aiki a wani shago a Kazaure inda suke da na'urar da ke yanka ƙarfe bisa zanen da aka yi mata a kwamfuta. Ta daɗe tana roƙonsa ya gwada, shi kuma yana ce mata ƙarfen da bai ji wuta da guduma ba bai san mai shi ba. Ran nan dai ya kira ta. Ta ce ya aiko da awo kawai. Ya yanki kara biyu, ɗaya tsawo ɗaya faɗi, ya ba wani ɗan acaba ya kai mata.

Talata da hantsi raga ta iso, sumul, hujinta a jere kamar an ja da zare. Ya kai ta bakin injin, ta ƙi shiga. Ta yi yawa da faɗin yatsa guda ta kowane gefe. Wannan bai dame shi ba, ya ɗauko magagari zai rage, sai ya ga an riga an huda ramukan noti a daidai wurin da zai cinye. Ya ajiye magagarin ya kira Bahijja, ya tambaye ta wa ya ce ta huda wurin noti tun ba a gwada ba.

"Kawu, abin da karan ya ce shi na yanka."

"Karan ai da rabon magagari a ciki. Kowane maƙeri ya san ana barin yatsa guda."

"To ni ba a gaya wa kwamfutata ba."

Ya ce ashe na'urar tasu ba ta da hankalin kanta. Ta ce ba ta da shi, shi ya sa ba a yi mata kara. Ya kashe wayar, ya zauna yana murza kafaɗa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san laifin nasa ne, kuma da hannunsa lafiya, da tuni ya gama rabin aikin.

Washegari Bahijja ta zo da kanta, ta gaishe shi har ƙasa kamar ba su yi komai ba, ta auna bakin injin da wani ma'auni mai nuna lamba, ta koma. Bayan azahar sabuwar raga ta iso, ta zauna daram. Dela ta juye kwano guda na gyaɗa, aka juya hannun injin. Rabin gyaɗar ya zubo ƙasa da ɓawonsa, ko tsagewa bai yi ba.

Dela ta ɗebo ta buɗe tafin hannu a gabansa. Ta ce, "Malam Lawal, wannan ai ƙofar gari kuka yi mata, shiga take ta fita ba mai tambayarta." Ta ƙara da cewa idan abin ya gagara ya faɗa mata tun yau, ta tara yara da mata su ɓare da hannu.

Ya kalli gyaɗar da ke tafin hannunta. Ya riga ya gane. Ruwa ya ɗauke da wuri bana, gyaɗar Roni ta fito ƙanana, Bahijja kuwa ta ɗauki girman hujin daga wani tsohon zane da ke cikin kwamfutarta. Shi bai taɓa huda raga ba sai da gyaɗar shekarar a gefensa, yana hudawa yana gwadawa. Bai taɓa faɗa wa kowa haka ba, don bai taɓa ɗaukarsa abin faɗa ba.

Alhamis da sassafe ya ƙulle gyaɗar Dela a leda, ya hau babur zuwa Kazaure, kowane rami a hanya yana jinsa a kafaɗa. Ya zube gyaɗar a kan teburin Bahijja, kusa da kwamfutar, ya ce ga awon da bai aiko ba. Ta kalli gyaɗar, sannan ta zana huji biyar, kowane ya ɗan fi na bayansa, na'urar ta yanka su a wani guntun ƙarfe. Ya zauna yana tura gyaɗa da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba ko da ya ga tana duba agogo. Ya tsaya a na biyu, ya ce a rage shi kaɗan, kamar kaurin farce.

Ta canza lamba ɗaya. Huji ɗari huɗu da ke fuskar kwamfutar suka tsuke gaba ɗaya. Ya tuna kwana biyun da yake yi yana huda su da hannu, ya kau da kai.

Ana kiran la'asar ya ɗaura ragar a Roni. Ƙwaya ta zubo fes, ɓawo ya yi gefe. Dela ta ce Alhamis dai Alhamis ce, ko da ta zo da yamma. Ya shafa gefen ragar yana neman inda zai ɗan goga, bai samu ba, ya mayar da magagarin aljihu.

Bahijja ta kira ta ce ta adana zanen, baɗi ba sai ya wahala ba.

"Baɗi gyaɗar wata ce," in ji shi. "Kar ki yanka komai sai na zo."