Ranar da Rumbu Ya Riƙe Kofur Irmiya

Bayan yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, aka sallami Kofur Irmiya daga soja, aka ba shi gadin barikin Goronyo, inda Di'o, Baturen mulki, ke sauka in ya zo rangadi. Shi da matarsa Rifkatu mutanen Zuru ne, kuma su kaɗai ne Kirista a garin. Ran Lahadi sukan shimfiɗa tabarma gindin tsamiya su yi sujadarsu su biyu, ita tana waƙa, shi yana cewa ta cika jan murya.

Irmiya ba mugu ba ne, mita ce ta yi masa yawa. A wurinsa sauron Goronyo ya fi na Bama baki, albasar garin ta cika wari, rana kuma da gangan take tsayawa saitin kansa. In Inna Kaltume, tsohuwar da gidanta ke bayan bariki, ta aiko da fura, sai ya ce nonon ya yi tsami, sannan ya shanye ya lashe ludayi. In Bube manomin albasa ya aiko da tuwo, miyar ba gishiri, amma kwanon fes yake komawa. Da haka ya yi tumbi har wandon soja ya ƙi ɗauruwa. Ya ce ruwan garin ne ke tsuke yadi.

Wata Lahadi Malam Yusha'u, tsohon mai bishara da kan zagayo kan keke, ya sauka wurinsu. Ya saurari ƙorafin Irmiya tun daga sauro har zuwa wando, sannan ya tambaye shi, "Kofur, wane alheri Allah ya yi maka bana?"

Irmiya ya daɗe yana tunani. "Bai bari maciji ya sare ni ba. Amma ya bar shi ya shigo ɗaki."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ba Goronyo ke son gyara ba, hankalinka ne. Ka roƙi Yesu ya sabunta maka shi, kamar yadda akan sauke tsohon jinka a ɗora sabo. Alherin Allah na kewaye da kai, idon gani ne babu."

Irmiya soja ne, sai ya ɗauki maganar a matsayin oda. Ya miƙe ya ƙame ya sara wa Malam.

Washegari da safe Bube ya shigo hankali tashe. "Kofur, ba ka ga jakina ba? Tun jiya ya ɓace."

Irmiya ya washe baki. "Madalla! Alherin Allah ke nan."

Bube ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ya fita. An jima Inna Kaltume ta leƙo riƙe da kumatu, ta ce haƙori ya hana ta sakat. Irmiya ya ce madalla. Da aka ce masa tsutsa ta faɗa wa waken Mode magini, nan ma madalla. Kafin kasuwa ta zagayo, garin ya gama yarda cewa abin da ya gani a wurin yaƙi ne ya taso masa. Inna Kaltume ta kira Rifkatu gefe ta danƙa mata ƙullin saiwa. "Ɗiyata, ki riƙa turara mai wanga. Mitar ma ta hi mana sauƙi."

Rifkatu ta same shi a tsakar gida. "Maigida, Malam hankali ya ce a sabunta, bai ce baki ba."

"Oda nike bi," in ji Irmiya. Amma shi kansa ya san mitar tana nan a ciki, ta taru ta tokare masa ƙirji kamar gyatsar da ta ƙi fita.

Ana cikin haka gafiya ta shiga rumbun ƙasar da ke bayan ɗakinsu. Da hantsi Irmiya ya jingina tsani, ya hau, ya ɗauke hular rumbun, ya zura sanda da kai ta bakin sama. Ya ji motsi can ƙasa, ya ƙara miƙawa. Tsani ya zame. Kai ya shige, kafaɗu suka shige, da aka zo tumbi sai rumbu ya riƙe. Ƙafafunsa suka tsaya a sama suna harbin iska.

Rifkatu ta ƙwala ihu. Bube ne ya fara isowa, sai Mode, sai Inna Kaltume da sandarta, sai duk wanda ke da ƙafa a unguwar.

Bube ya ƙwanƙwasa jikin rumbu. "Kofur, kana da rai?"

Wata murya ta fito kamar daga cikin tulu. "Ku hid da ni!"

Inna Kaltume ta ce, "Alhamdu lillahi, bai ce madalla ba. Ya warke."

Aka mai da tsani, aka kawo wani. Bube ya kama ƙafar dama, Mode ya kama ta hagu, suka ja har jijiyar wuya ta fito. Irmiya ya yi kuwwa, rumbu bai saki ba. Mode ya ce a fasa bakin, shi zai sake ginawa. Bube ya ce in an fasa, ƙasar a kan wa za ta zuba? Musu ya kaure.

A ciki kuwa duhu ne, sai ɗan hasken da ke shigowa ta ramin da gafiya ta huda. Da idon Irmiya ya saba, ya ga dammunan gero jere a ƙarƙashin hancinsa. Ya gane ɗaurin Bube, mai ƙulli biyu. Ya gane na Mode, wanda ke ɗaure da kaba. Shi ba shi da gona a Goronyo, ko kunya ɗaya bai taɓa nomawa ba. Da kaka mutanen nan suka riƙa shigowa da dami a ka suna ajiyewa, don baƙo kada ya ji yunwa a garinsu. Abin da ya ce a lokacin shi ne ƙwayar ta cika ƙanana.

Ta bayan ginin yana jin muryar Inna Kaltume tana cewa a yi a hankali, kada a ji masa ciwo, bawan Allah ne, bakinsa kawai ke da ƙaiƙayi. Yana jin Bube, wanda ya bar neman jakinsa, yana haki a kan tsani. Sai hawaye suka zo masa. Da yake kansa a ƙasa yake, ba su bi kumatu ba, goshi suka bi suka ɗiga kan geron.

Ya ce a hankali, "Ya Yesu, na gani. Tun tuni kake ciyar da ni ta hannun mutanen ga, ni ko ina ta ƙorahi. Ka gyara min kan nan. In da hali kuma, ka hid da ni."

Inna Kaltume ta aika aka ɗauko ƙwaryar man shanun da take tarawa. Ta miƙa wa Rifkatu, Rifkatu ta hau tsani ta lafta wa tumbin mijinta mai ta kowane gefe, tana yi kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa. Aka ce a ja. Bube ya ja da ƙarfinsa duka, sai ga shi a ƙasa rungume da wandon soja, babu Kofur a ciki. Mata suka juya baya. Rifkatu ta yi maza ta kwance mayafinta ta naɗe wa mijinta ƙafafu. A ja na gaba Irmiya ya fito fit, kamar an zare toshiyar gora, shi da Mode suka zube kan tarin kara. Gafiyar ta biyo bayansa, ta taka kan Bube ta wuce.

Irmiya ya tashi yana ƙyalli, ƙaiƙayi manne a gemu. Ya durƙusa gaban tsohuwar. "Inna, hurarki ba ta taɓa tsami ba. Kuma sannu da haƙori."

"To mi ya hana ka hwaɗin haka tun hwarko?" in ji ta. "Tashi, ƙuda na bin ka."

Ya bi mutane ɗaya ɗaya yana godiya, wannan karon kowa ya ji daga ciki take fitowa. Yana cikin haka aka ji ƙarar mota a ƙofar bariki. Di'o ne, ya iso ba sanarwa. Ya fito ya tarar da mai gadinsa ɗaure da mayafin mace, jiki sharkaf da man shanu, ya ƙame yana sara masa.

Baturen ya cire hula ya sosa kai. Cikin Hausarsa mai tsalle ya ce, "Kofur, lafiya?"

"Lahiya lau, ranka ya daɗe. Ban taɓa jin daɗi awa yau ba."

Di'o ya dubi taron, ya dubi Bube da wando a hannu, ya ga tambayar za ta yi tsawo. Ya ce a dafa masa ruwan shayi kawai.