Bedi a Gonar Aro

Fasto Habibu ne ya kawo shawarar, kuma da zuciya ɗaya ya kawo ta, abin haushin ke nan. Sabon fasto ne, ɗan birnin Maraɗi, mai fara'a da saurin baki, wanda hannunsa bai san kantar hauya ba. An turo shi ƙaramar majami'ar Gidan Ƙadri, wani ƙauye a bayan Maijirgi, inda Kiristoci ba su wuce ƴan gidaje ba.

Ranar Lahadin da ke gaban bikin samun ƴancin kai, ya yi wa'azi kan fitar Isra'ilawa daga Masar. Ya ce ba Fir'auna ne ya tashi da safe ya ji tausayin bayi ba, Allah ne ya ji kukansu. Haka ita ma Nijar, in ji shi, ba kyautar Faransa ba ce, Allah ne ya ji kukan kakanni ya sauke masu kaya.

"Amma har yau ana ce muna masu addinin Nasara," in ji shi, yana buga teburi, "kamar Bature ne ya manta da mu sa'ad da ya tahi. Mu ɗiyan ƙasar ga ne! Ran uku ga Agusta kowa na dashen icce. Mu ma mu dasa, mu kewaye ɗakin ga da bedi, iccen dogon yaro, mai wucewa ya gani ya shaida."

Aka ce amin da ƙarfi. Ishaƙu, dattijon majami'ar, shi ma ya ce amin, alhali shi ne ya fi kowa sanin cewa bai kamata ba.

Filin da majami'ar take ba nasu ba ne. Lokacin da marigayi Ayuba, mahaifin Ishaƙu, ya zama Kirista, babu wanda ya yarda ya ba shi ko wurin shimfiɗa buzu don addu'a, sai abokinsa Sidi, Musulmi, mai gona da raƙuma. Sidi ya yanki kusurwar gonarsa ya ce ga aro. A wannan ƙasa kuwa, aron gona yana da ƙa'ida da ko yaro ya sani: ka noma, ka kafa rumfa, ka gina ɗakin ƙasa in an yarda maka, amma ba ka dasa itace. Mai dasa itace cewa yake yi nan nawa ne, ni da jikokina. Sidi yana nan da rai, ya tsufa tukuf, kuma ɗansa Muddassir ya dawo daga Libiya da niyyar gina gida a gefen wannan gonar.

A hanyar gida Salamatu, matar Ishaƙu, ta dube shi ta gefen ido.

"Maigida, ba ka gaya ma Fasto ba?"

"Ni gaya mishi."

"Yaushe?"

"Kin cika gaggawa. Akwai lokaci."

Lokaci kam akwai, ya yi ta wucewa ta gabansa yana kallo. Ya haɗu da Fasto a bakin rijiya, suka yi hirar damina. Ya haɗu da shi a kasuwar Tasawa, suka yi hirar tsadar taki. Duk sanda maganar ta zo bakinsa, sai ya tuna yadda aka yi ta jifansa da "ɗan Nasara" tun yana lakwal, makarantar boko, ya tuna mahaifinsa yana addu'a a kan ƙasar wani har ya mutu. Sai maganar ta koma ciki. Ya ce wa kansa ai bedi ne kawai, inuwa ce, kowa zai sha. Shi da kansa bai yarda da wannan ba, amma ya ci gaba da faɗa wa kansa. Ƙarshenta ma amalankensa ce ta ɗauko ƴan itatuwan daga wurin masu gandun daji.

Ranar biki ƙasa ta kwana da ruwa, ta yi laushi. Fasto ya gayyato mai gari, wani ma'aikacin gandun daji ya zo a kan babur, mata suka yi waƙar godiya da ta ƙasa. Aka ce dattijo ne zai sa na farko. Ishaƙu ya durƙusa, ya sa bedin a rami, ya tura ƙasa da tafin hannu, ya danna. Kuma a gaskiya, abin da ya fi damunsa daga baya shi ne daɗin da ya ji a lokacin. Wani sanyi ya ratsa shi, irin na wanda ya daɗe a tsaye ya sami wurin zama.

Da ya ɗaga kai sai ya hango Sidi can cikin gero, dogare da sanda, rawani ya rufe masa baki. Bai matso ba, bai kuma juya ba. Ya tsaya har aka gama, mai gari ya sa albarka, ma'aikacin ya ɗauki hoto da waya ya gargaɗi kowa kada a bar dabba ta taɓa su.

Washegari Muddassir ya zo har ƙofar gida yana huci.

"Ishaƙu, wanga shi ne sakayya? Gaban mai gari kunka dasa, don gobe a ce da shaidu!"

Kafin rana ta yi tsaka aka aiko daga gidan Sidi aka kira Muddassir, daga nan ba a sake jin bakinsa ba. Da ma an kai ƙara, da Ishaƙu ya fi samun sauƙi.

Salamatu ta ce ya tuge su tun suna ƙanana. Ya ce in ya tuge, gari zai ɗauka cewa Kiristoci sun tumɓuke itacen ranar ƴanci, ga kuma masu gandun daji. Wannan gaskiya ne, sai dai ba ita ce duka gaskiyar ba, kuma Salamatu ta san haka, don ta yi zaman aure da shi tun gashinsa yana baƙi. Da Ishaƙu ya daure ya gaya wa Fasto, bawan Allah ya riƙe kai ya ce, "Baba Ishaƙu, don mi ba ka hana ni ba?" Bedin kuwa ba ruwansu, suka kama, suka yi kore shar. Ishaƙu ya daina bi ta ƙofar gidan Sidi, ya riƙa zagayawa ta bayan rumbuna kamar ɓarawon kaza. A majami'a in an zo wurin neman gafara a cikin addu'a, muryarsa sai ta shige.

Da kaka ta yi, babu sauran wurin ɓuya. Al'ada ce mai aron gona ya kai wa mai ita damin gero bayan girbi, ba don haya ba, don dai a san ƙasa tana da mai ita. Ishaƙu ya zaɓi dami mafi nauyi a gonarsa, ya ɗora a amalanke, ya nufi gidan Sidi.

Ya tarar da Sidi a zaure yana jan carbi. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta gajiya da ta amfanin gona. Tsohon ya sa aka kawo masa fura. Sannan Ishaƙu ya sauke damin, ya durƙusa.

"Baba, ga na bana. Kuma na zo in ce na yi laihi. Na sani, na yi shiru. In ka ce a tuge, yau ɗin nan ni tuge su da hannuna."

Sidi ya kalli damin.

"A bar icce, bai yi ma kowa komi ba," ya ce a hankali. "Na hana Muddassir magana, na ce ya gina can yamma. Ni da Ayuba ba mu taɓa zuwa gaban mai gari ba, ba kuwa ni zuwa da ɗanai."

"To Baba, karɓi damin."

"Damin mi? Mai aro ka kawo dami, kai kuwa ka bar zama mai aro." Ya gyara zama, ya ɗauki carbinsa. "Ɗauki abinka, Malam Ishaƙu. Allah shi amfana muku wurin."

Tun da aka haifi Ishaƙu, tsohon nan bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "ɗana". Ishaƙu ya sunkuya ya ɗaga damin shi kaɗai, ya kai shi kan amalanke, yana jira ko za a kira shi daga baya. Ba a kira shi ba.