Kafaɗun Soso

"Saki wandon, ka miƙe sosai."

Auta ya saki. Wandon ya zame ya maƙale a ƙashin ƙugunsa kamar an rataye shi a ƙusa. Uwar ta durƙusa da allurai a baki, ta tattaro rarar ƙyallen ta baya, sai da ta cika mata tafin hannu. Wandon nan ita ta rage shi watan jiya, kafin nan ma ita ta rage shi. Ta ɗaga kai ta dube shi. Idonsa na kan bango, jajur, fatar idon tana saukowa a hankali alhali ko azahar ba a yi ba. Ta tambaye shi ko ya ci wani abu, ya ce ya ci. Ba ta tambaye shi ko ya sha ba, don warin maganin tarin nan mai zaƙi-zaƙi ya riga ya ba ta amsa.

Sana'arta ke nan, rage kaya. In an fasa dilar gwanjo a kasuwa masu ido sun tsince na kirki, ita takan kwashi abin da kowa ya ƙi: riguna masu faɗin labule, wandunan da mutum biyu za su shiga ƙafa ɗaya, da kwat-kwat na wasu ƙattin da Allah kaɗai ya san me suke ci a ƙasarsu. Ta wanke, ta farke da reza, ta shimfiɗa a ƙasa ta zana da alli, sannan ta hau keke. Rigar ƙato guda takan fitar mata da ta 'yan mata biyu har da ragowar yin aljihu. Matan layin sukan ce ko buhu aka ba ta sai ya fito da kwala, ita kuwa ba ta ɓoye cewa yabon yana yi mata daɗi. Bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa wata rana ɗan cikinta za ta riƙa rage wa kaya don kada ubansa ya gane yana ƙarewa.

Uban kafinta ne, mutum mai magana ɗaya. Bara da ya tsinci kwalbar maganin tarin a ƙarƙashin katifar Auta bai dake shi ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya ajiye kwalbar a tsakiyar ɗaki, ya rantse da Allah in ya sake gani Auta ya nemi wani gidan da wani uban. Ta san mijinta, bai taɓa rantsuwa ya dawo yana neman kaffara ba. Ta kuma san inda samarin da aka kora suke ƙarewa, kullum tana wuce su a bayan tasha, kwance a kan kwali, ƙudaje na bin bakinsu.

*

Ƙanwarta, wadda take shara a asibiti, ta zo karɓar siket ranar da Auta ya gifta daga banɗaki da singileti. Ta bi shi da kallo har ya shige, sannan ta ajiye siket ɗin.

"Yaya, yaron nan ba ɗinki yake buƙata ba. Ki kawo shi a duba shi."

"In na kai shi, me zan ce wa ubansa?"

"Gaskiya mana."

"Gaskiyar ce za ta kwanar min da shi a titi."

Ƙanwar ta ce ita dai ta faɗa, ta ɗauki jakarta ta tafi ko gwada siket ɗin ba ta yi ba. Da la'asar uwar ta ritsa Auta a ɗaki. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka har da majina. Shi ma ya yi kukan, ya riƙe ƙafarta ya ce zai daina, ɗan lokaci kawai yake so, in ya yanke gaba ɗaya jikinsa ɓari yake kamar zai mutu. Ta yarda. Ba don ta gamsu ba, don dai ba ta da wani abin da za ta riƙe.

Sai dai ragi ya kai iyakarsa. In ta bar riga da faɗi, sai ya riƙa yawo a ciki. In ta matse ta daidai jikinsa, sai rigar ta shiga ƙirga masa haƙarƙari a gaban jama'a. Uban kuma ya fara tsayar da ido a kansa wajen cin abinci. Ranar da ya tambaye ta wai yaron nan lafiya kuwa, ta ce zazzaɓi ne ya ɗan taɓa shi amma ya wuce.

Da safe ta tafi kasuwa, ta tona tulin da ake zubarwa a gefe har ta ciro wata jaket shuɗiya mai kauri, wadda mai dilar ya ce ta ɗauka kawai, ba mai jikin sa ta. Ta kawo gida ta farke ta tas. Wannan karon ba ta yanka ta a kan awon Auta na yanzu ba, a kan awonsa na da ta yanka, wanda ta haddace tun yana cika ƙofa. Ta ɓarke tsohuwar katifa ta yanko soso sirara-sirara, ta jera a kafaɗu, ta shimfiɗa a ƙirji da damatsa, ta bi da ɗinkin hannu ƙanana don kada ya dunƙule, ta rufe da shafi sabo. Ta ja hannun ya sauko ya ɓoye tsintsiyar hannu, ta ɗaga kwalar ta rufe ramin wuya. Kwanakin nan aikin kowa ba ta taɓa ba, masu kaya suka yi ta sintiri suna komawa da tsaki. A gaskiya tunda ta fara taka keke ba ta taɓa ɗinki mai kyan wannan ba.

Da Auta ya saka ya tsaya gaban madubi, ita kanta saura kaɗan ta yarda. Ya juya hagu, ya juya dama, ya yi dariyar da ta manta yana da ita.

"Umma, ai kin mayar da ni soja."

Sanyi ya shigo, shi kuma dama kullum cikin jin sanyi yake, don haka ba wanda ya yi mamakin ganin jaket ba ta barin jikinsa.

*

Bayan 'yan makonni uban ya dawo daga shago da fara'a. Ya ga Auta zaune a ƙofar gida, ya ce, har ya cika benci. Yana wanke hannu yake gaya mata cewa ramar yaron nan ta daɗe tana hana shi sukuni, har ya yi niyyar ya ja shi asibiti da kansa a auna jininsa, ko me aka gani a yi magani. Amma yanzu alhamdulillahi, tunda ya murmure ba sai an je ba.

Tana riƙe da buta, ruwan ya ci gaba da zuba bayan ya janye hannunsa. Ga baki, ga magana a kan harshe, ga mutumin a gabanta da fuska a sake. Sai ta tuna kwalbar nan a tsakiyar ɗaki, ta ce Allah ya ƙara lafiya.

Ya ce amin. Ya ƙara da cewa gobe motar katako za ta zo, kuma ba zai ɗauki ɗan dako ba alhali ga ƙato a gida. Ta ce akwai aiken da za ta yi wa Auta, ta ce bayansa na ciwo, ta ce abubuwa da yawa. Ya yi dariya ya ce ta daina shagwaɓa namiji. Abin da ya fi ƙona mata rai, Auta murna ya yi. Rabon da ubansa ya kira shi aiki tun kafin maganar kwalba. Da sassafe ya zuge zif har wuya ya bi bayansa, ta tsaya a ƙofa tana kallon kafaɗun da ta ɗinka suna tafiya.

Tana kan keke mai shagon da ke kusa da nasu ya kira waya. Ya ce an ɗora wa Auta katako a kafaɗa, ya yi 'yan taku ya kife, bai tashi ba.

*

Ta same su a asibiti, a ɗakin gaggawa. Auta na kwance, kumfa ta bushe a gefen bakinsa. Wata nas tana ta kokawa da hannun jaket ɗin tana neman inda za ta sa ƙarin ruwa, da ya ƙi naɗuwa sai ta ɗauko almakashi ta kama daga tsintsiyar hannu ta tsarge har kwala. Shafin ya buɗe. Soso ya fara zubowa, yanki bayan yanki, a kan gado da ƙasa. Abin da ya rage a ciki ɗan hannu ne kamar muciya.

Likita ya juyo ya tambayi tun yaushe yake ramewa haka, kuma me yake sha.

"Ai bai rame ba," in ji uban. "Ko jiya ma..."

Ya sunkuya ya ɗauki yankin soso guda, ya juya shi, ya ga ƙananan ɗinkin hannun da ke jikinsa a jere. Ya daɗe yana kallo kafin ya dube ta.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni ce."

Ta jira faɗa, ta jira rantsuwa, ta jira ko da saki ne. Ya matsa bakin gadon ya kama damtsen ɗansa, yatsunsa suka zagaye suka haɗu, ya tsaya a haka. Likitan ya ce ƙodar ta taɓu sosai, za su yi iya ƙoƙarinsu, amma an makara da kawo shi.

Aka kawo rigar marasa lafiya, ta manya, ta zame daga kafaɗar Auta ta ƙi zama. Nas ɗin ta fita, can ta dawo da wata daga ɗakin yara, mai zanen ƙananan jirage. Suka ɗaga shi suka zura masa. Uwar ta kai hannu ta gyara wuyan, ta shafa kafaɗar, ta bi gefen da yatsa har ƙasa. Rigar ta zauna masa cif, ba inda take buƙatar ragi.