Naman da Mai Walda Ya Bari a Ganga

"Tela, hannunka rawa yake. Mayar da shi baya, daidai inda ya ɗaga murfin."

Na mayar da bidiyon baya. Muna bayan gidan maƙwabcina Mai Walda, ni ina riƙe da waya, shi yana tsugune gaban wata ganga da ya yanke, ya yi mata murfi da bututu. A cikin wayar wani ƙaton mutum mai gemu yana magana da harshen da ba ma ji, yana nuna hayaƙi da yatsa.

"Ka gani? Nasa siriri ne, da ƙyar ake ganinsa. Nawa kuwa kamar an ƙona taya."

Tun da ciwon maƙogwaro ya raba shi da shago, 'yarsa ta saya masa wayar don ya rage zaman shiru. Sai ya faɗa kan masu koyar da gashin nama da hayaƙi, irin wanda ake sa wa wuta kaɗan daga safe har yamma. Ya shiga wani zaurensu na intanet, 'yar tana rubuta masa tambayoyi, tana fassara masa amsa. Can kowa Baba yake ce masa, alhali ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

Shi kuwa ba abin da ke wuce masa wuya sai ruwa-ruwa. Mu ne 'yan ɗanɗano. Na farko ɗaci, na biyu sai ka rantse tafin takalmi ne.

"Kai da ba ci za ka yi ba, wahalar me kake sha?" in ji matarsa, Inna.

"Hancina ai bai yi ritaya ba," ya ce da 'yar muryar da ta rage masa. "Sau ɗaya dai nake so ya yi."

Ranar wata Asabar ya sa kafaɗar rago tun da sassafe. Ina kan keken ɗinki ƙamshi ya shigo ta taga, ba irin na kullum ba. Da rana ta take na leƙa ta katanga. Yana zaune a kujerar roba, ya rufe fuska da hula, wayar tana kan cinyarsa tana ta magana.

"Mai Walda, yau kam hancina ya yarda!"

Bai motsa ba. Daidai nan mai gemun ya tuntsire da dariya a cikin wayar, ni ma na yi dariya, na koma aikina. Ban gama wuyan rigar da ke hannuna ba na ji salatin Inna.

Likitan da ya duba shi ya ce ya jima da cikawa. Har yau in na tuna, sai in tambayi kaina. Da wa na yi dariyar nan?

Da muka dawo daga kai shi da yamma, ba wanda ya tuna da ganga. Mutane sun fara watsewa sai wayar ta yi ƙara a hannun 'yarsa. Ta duba.

"Inna, mutanensa ne. Wai, 'Baba, yaya naman? Muna jiran hoto.'"

Saƙo ya sake shigowa, wani kuma ya biyo.

Inna ta miƙe, ta gyara mayafi. "Ya ce kada kowa ya buɗe sai yamma. Tela, zo ka ɗaga mini, ƙarfen da nauyi."

Na ɗaga murfin. Naman ya yi baƙi-baƙi a baya yana sheƙi, da ta taɓa ƙashin sai ya zare da kansa. Ta ɓalli kaɗan da yatsu, ta sa a baki, ta daɗe tana taunawa a tsaye, idonta a kan kujerar.

"Ya yi," ta ce.

'Yar ta ɗauki hoto da hannu biyu, ta tura, ba ta rubuta komai a ƙasansa ba. Inna ta miƙo mini faranti, na karɓa, na kasa ci.

Ina fita na waiwaya. Wata mage ta diro daga katanga, ta shinshina gangar, ta haye kan murfin ta naɗe jikinta, don da sauran ɗumi.