Zagaye Uku da Inna a Sama

Ranar da Inna ta fara shiga jirgin sama, 'yarta ce kyaftin. Tafiya ta yi lafiya lau har suka hango gari. Kyaftin ta ce wa mataimakinta ya sauke marafan bayan fukafukai, masu rage wa jirgi gudu kafin sauka. Yana jan hannun sauke su sai fitilar gargaɗi ta kama. Na hagu ya maƙale, jirgin ya ɗan karkata.

"Ni zan riƙe jirgi," in ji ta, tana daidaita shi. "Kai buɗe littafin matakan gaggawa, ka karanto mana layi-layi."

Yana karantawa tana amsawa, gumi na bin wuyansa. Ta kira hasumiyar filin jirgi ta nemi titin sauka mafi tsawo, ta shaida wa fasinjoji za a ɗan jinkirta. Sau uku suka zagaya gari kafin su kammala shiri. Suka sauko da gudun da ya fi na kullum, tayoyi suka taɓa ƙasa sumul.

A bakin ƙofa Inna ta kamo hannun 'yarta, baki har kunne.

"Allah ya yi miki albarka! Har sau uku kika zagaya da ni don in ga gari."

Mataimakin ya juya baya yana ƙunshe dariya.

"Kin dai gani da kyau ko, Inna?" in ji Kyaftin.

"Na gani sarai. Amma wajen saukar nan kin cika gudu, ki riƙa ragewa."