Mutumin Ruwa da Ciwon Daji

Tun yana saurayi Sodangi ke kamun kifi a madatsar Goronyo. Da ya fara ganin jini a bayan gida, ya ce basir ne, ya yi ta shan jiƙo. Matarsa Kaltume ce ta matsa har suka je asibiti.

Likita ta gano tsutsar da ake ɗauka a ruwa, ta ba shi magani. Ta ce masu bincike suna zargin idan tsutsar ta daɗe a hanji tana iya jawo ciwon daji, don haka ya je Sakkwato a duba shi.

Da suka fito, Sodangi ya yi dariya. "Daji? Ni mutumin ruwa na, Kaltume. Mi ya gama ni da daji? Ba ni zuwa."

"Sunan ciwon ke nan, Malam. Ba shi tambayar sana'a."

"In na tahi, wa ka duba taru?"

"Ɗanka Bashar na nan. Ni hwa kai ɗai gare ni."

Washegari da safe ta same shi a ƙofar gida sanye da hularsa ta Juma'a, yana faɗa wai za ta sa motar Sakkwato ta tafi ta bar su.